Kafin a Haƙa Harsashin Ginin Kimiyya

Daga Ƙofa zuwa Doguwa, a bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, yaran da ke son karatun kimiyya sun fi guraben da ake da su yawa nesa ba kusa ba. Wanda Allah ya ba sa'a yakan tafi Jami'ar Bayero a Kano, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda ta fara karatu a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ko kuma ya gangara Zariya. A nan gida muna da Kwalejin Rabi'u Musa Kwankwaso ta Tudun Wada mai share wa ɗalibai fagen shiga jami'a, da reshen makarantar horon lauyoyi a Bagauda. Maganar ƙarin babbar makaranta a kudancin Kano kuwa ba ta taɓa barin bakin mutane ba. Ran da kuɗin ya zo, ko na sabuwar makaranta ko na faɗaɗa wadda ake da ita, wasu daga cikin masu karanta wannan shafi su ne za su zauna a kwamitin gini. Da su nake magana yau.

Shawarar ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Ginin kimiyya daga ciki ake fara tunaninsa: daga teburin da ɗalibi zai tsaya a gabansa, a biyo ta ruwa da wuta da iskar da aikinsa ke bukata, sannan a zo kan bango da fenti. Abin da muka saba gani akasin haka ne. Akan kawo hoton bene mai ɗaukar ido, kwamiti ya yaba, a ba da kwangila. Sai an kusa rufi wani ya tuna ɗaya daga cikin ɗakunan nan na kemistiri ne, a kirawo mai aikin famfo ya fara fasa daɓen da aka zuba da kuɗi mai yawa. A ƙarshe a samu aji mai tebura dogaye, an rubuta "ɗakin gwaje-gwaje" a ƙofarsa, amma famfo bai taɓa kawo ruwa ba.

Mun san inda wannan hanya take kaiwa. A 2012 kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati don duba bukatunsu, kuma cikin abin da ya gano har da ɗakunan gwaji da ake kunna risho a madadin murhun gas. Jihar da tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa bai kamata yaronta ya riƙe kayan gwaji a sakandare ba, sannan ya zo babbar makaranta a riƙa zana masa gwajin a kan allo.

Takarda ta farko da kwamiti zai nema ba zanen gini ba ce, jadawalin darasi ce. A ce makaranta za ta ɗauki ɗalibai 600 a ajin farko, kuma kowannensu sai ya yi firaktikal na kemistiri sau ɗaya a mako. Zaman gwaji awa uku ne. Ɗaki ɗaya zai ɗauki zama biyu a wuni, ranar Juma'a kuwa na safe kawai, wato zama 9 a mako. In ɗakin na mutum 40 ne, ɗalibai 360 ke nan. Ragowar 240 ina za su? Ko dai a gina ɗaki na biyu, ko a rage yawan ɗauka, ko a cusa mutum 70 inda aka yi wa 40, goma na aiki sauran na leƙe ta kafaɗa. Wannan lissafin na minti goma shi ke faɗin yawan ɗakunan da ake bukata, kuma a yi shi ga fizis da bayoloji ma. A kwalejojin Amurka an fi yin ɗakin koyar da gwaji na mutum 24. Mu aljihunmu ba lallai ya kai nan ba, amma kada a wuce 40, kuma a ba kowane ɗalibi fili na murabba'in mita 4 zuwa 5. A tuna cewa ajin farko shi ya fi cunkoso, shi ya fi bukatar fili, shi ne kuma aka fi mantawa da shi saboda hankalin manyan malamai yana kan ɗakunan bincikensu.

Sai batun waɗanda za su zauna da mai zanen gini. Shugaban makaranta zai zauna, ma'aji zai zauna, daraktan ayyuka da shugabannin sassa ma haka. Amma akwai mutum ɗaya da ba a cika gayyata ba, alhali ya fi kowa sanin ɗakin gwaji: ma'aikacin da ke buɗe shi da safe, ya haɗa sinadarai, ya wanke kwalabe, ya rufe gas da yamma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemo tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, ko daga tsohuwar harabar Bayero inda sassan kimiyya suke, ko daga Samaru ta Zariya, ku ba shi kujera da murya tun zaman farko. Shi zai faɗa muku cewa ɗakin shirya kaya ya kasance tsakanin ɗakunan gwaji biyu da ƙofa ta kowane ɓangare, don mutum ɗaya ya iya yi wa duka hidima. Shi zai ce a faɗaɗa ƙofar sito saboda firiji da manyan akwatuna. Mai zanen gini ya zama mai rajista da ARCON, injiniyoyi masu rajista da COREN, kuma a ɗauki injiniyan ruwa da na lantarki rana ɗaya da mai zanen, ba bayan ya gama ba. A kuma karɓo sharuɗɗan hukumar da za ta zo tantancewa tun kafin a ja layi ɗaya: NUC in jami'a ce, NBTE ta Kaduna in kwalejin fasaha ce, NCCE in ta ilimi ce.

Yanzu mu fita fili. Abokan gabar ginin kimiyya a ƙasarmu uku ne: zafin bazara, ƙurar hunturu, da hadarin damina. Wanda ya kwafo zanen wata ƙasa mai sanyi, ya lulluɓe fuskar gini da gilashi, ya gina tanderu ne wanda na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ke iya zama da shi, ita kuwa na'urar sai da wuta. A shimfiɗa ginin ya yi tsawo daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangayen masu tagogi za su kalli kudu da arewa, gajerun kuma su karɓi ranar safe da ta la'asar. A gajerun nan a sa matakala, da sito na kayan da zafi ba ya ɓatawa, da banɗaki. Akwai wani abu da masu kwafar littattafan Turai kan rasa: a nan inda muke, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan karkata ta arewa. Saboda haka bangon arewa ma yana bukatar baranda ko rufin da ya zarce shi, ba na kudu kaɗai ba. Bangon gabas kuwa kowane magini na gargajiya ya san shi ke shan dukan ruwa, domin ta nan guguwar hadari ke tasowa. A rage masa tagogi, a ƙarfafa ɗaurin kwanonsa.

Rufi shi ne rabin maganin zafi. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, tun a makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001 ya nuna dabarar: silin na ƙasa a ƙasa, kwano a sama an ɗaga shi, iska na ratsawa tsakaninsu tana kwashe zafi kafin ya sauko. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa ne, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Bango mai kauri irin wannan yana riƙe sanyin dare ya saki da rana, abin da soron iyayenmu ya daɗe yana yi. Ya dace da ofisoshi da azuzuwa da ɗakin karatu. A ɗakin da ake zubar da ruwa da asid dai dole cikinsa ya samu shafe mai wankuwa.

Inda hankali ya fi rabuwa shi ne iska. Ana son tagogi a buɗe saboda zafi da warin sinadari, ana son su a rufe saboda ƙura. Ba za a samu biyun a ɗaki ɗaya ba, don haka a raba ɗakunan tun a takarda. Manyan ɗakunan koyarwa su zama masu tsayin silin, da tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da wasu ƙanana can sama don zafi ya fita. Sannan a ware ɗaki ƙarami a tsakiyar gini, mai ƙofa biyu a jere, ba taga mai buɗewa, a tara na'urori masu tsada da sikeli masu laushi a ciki. Shi kaɗai za a sanya wa na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Sanyaya ɗaki ɗaya abu ne da makaranta za ta iya ɗauka shekara da shekaru. Sanyaya bene guda ba za ta iya ba. Madubin ganin ƙananan halittu kuwa a yi masa kabad mai rufi sosai, domin ƙurar Disamba tana cin gilashinsa, laimar Agusta kuma tana sa masa fumfuna. Fanka ma a lura da inda aka rataye ta: in tana saman tebur tana kaɗa harshen wuta, tana kuma hana sikeli tsayawa.

Akwatin zuƙe hayaƙi, wanda ake aikin sinadarai masu guba a cikinsa, kada a yarda a ajiye shi kamar kabad. Sai da bututu mai fita har saman rufi, ya zarce shi da kamar mita 3, da fankarsa can a ƙarshen bututun don ta riƙa ja. Iskar da ke shiga bakinsa ta kai gudun rabin mita a daƙiƙa. A nisanta shi da ƙofa da taga da hanyar wucewar mutane. Gara akwati biyu masu aiki da guda takwas na ado.

Siton sinadarai nake so kwamiti ya daɗe a kansa, domin nan ne zafin ƙasarmu yake zama haɗarin rai. Akwai sinadarin da ake kira ita (ether), wanda ake yawan aiki da shi, yana tafasa a digiri 35 bai cika ba, tururinsa kuma ƙyas kaɗan yake jira. Wani mai suna dikuloromitan yana tafasa a wajen digiri 40. A watan Afrilu inuwa ma tana kai 40 a nan, balle ƙarƙashin kwano. Saboda haka babban sito ya zama ɗaki mai zaman kansa a ƙasa, a gefe mai inuwa, mai bango mai kauri da rufi biyu da kafofin iska sama da ƙasa, makunnin fitilarsa a waje. A raba wa asid wurinsa, masu kama wuta wurinsu, masu rura wuta wurinsu, a daina jera kwalabe bisa harrufan sunansu. Tukwanen gas su zauna a waje cikin keji mai iska da kwaɗo, nesa da bakin kwata, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru a rami. Kowane ɗaki ya samu makulli ɗaya kusa da ƙofa wanda malami zai murɗa ya yanke gas ɗin gaba ɗaya.

Ruwa. Kudancin Kano a kan dutse yake zaune, kuma rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa sa'a ce: wata ta ba da ruwa sosai, wata a nesa kaɗan ta ƙafe kafin Maris. A kirawo masu auna ƙasa su nemo ruwa, a haƙa, a gwada yawansa da rani, kafin a tsayar da inda gini zai zauna. Ginin kimiyya ya samu tankin samansa na kansa mai ɗaukar ruwan kwana biyu ko uku, wanda ba a haɗa shi da ɗakunan kwanan ɗalibai ba. Ruwan sama ma dukiya ce da muke bari tana zuba: kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 1,000 a shekarar da aka samu milimita 1,000 ya tara lita miliyan guda. Wajen Doguwa, inda damina ta fi ta birnin Kano ƙarfi, indararo da tankin ƙasa za su biya kuɗinsu. Kuma a kowane ɗakin sinadarai a sa shawa ta gaggawa da famfon wanke ido inda mutumin da asid ya fantsamar wa zai isa cikin daƙiƙa 10, ruwan kuma ya iya zuba minti 15 bai yanke ba. Ruwan da ya fita ma a san inda za shi. Bututunsa ya zama na roba mai jure asid, ya bi ta ramin da aka zuba tsakuwar farar ƙasa kafin sokawe, sokawen kuma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Ragowar sinadarai masu guba a tara su a jarka, kada a zuba a kwata. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin Kadawa, kuma abin da ya bi rafi a yankin nan cikin abincin mutane yake ƙarewa.

Wutar lantarki a raba ta gida biyu tun daga zane. Layi na farko na abin da ba ya jure yankewa ne: firiji, na'urar renon ƙwayoyin cuta, fankar akwatin hayaƙi, ɗakin na'urori. Wannan a ɗora shi a kan sola da batir, a yi wa soket ɗinsa launi daban don kada wani ya jona hita. Layi na biyu na sauran gini ne, ya bi wutar gari da janareta. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola da janareta mai megawat 7.1 a 2019, amma ƙaramar kwaleji ba sai ta jira irin wannan ba. Rufin ginin kimiyya kansa ya isa ɗaukar farantan da layin farko ke bukata, in an lissafa nauyinsu tun farko. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane kilowat na awa guda a Afrilun 2024, duk na'urar sanyaya ɗakin da aka kauce wa sakawa riba ce ta kowane wata. A sa ƙarfen kare tsawa, a kuma auna wayar ƙasa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, domin awon damina yana ruɗi.

A cikin ɗaki awo kaɗan ne za a riƙe. Teburin aiki a tsaye santimita 90, na zama wajen 75. Tsakanin tebur da tebur mita ɗaya da rabi, don biyu su juya wa juna baya na uku ya wuce da kwalba a hannu. Ƙofa biyu a kowane ɗaki, nesa da juna, masu buɗewa waje. Mun saba garƙame tagogi da ƙarfe saboda ɓarayi, to wannan shi ya ƙara wajabta ƙofa ta biyu, kuma kada a sa mata kwaɗo lokacin darasi. Bututu da wayoyi su bi sarari a jikin bango ko cikin kwata mai murfi, yadda mai gyara zai kai gare su ba tare da guduma ba. Ƙafafun kabad su zama ƙarfe ko siminti saboda gara. Daɓen tarazo ya fi tayil mai santsi. Ɗakunan ruwa da sinadarai su zauna a ƙasa, ofisoshi a sama. Dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya riga ya cika. A yi gangara mai sauƙi, tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tudu, da tebur ɗaya gajere a kowane ɗaki don mai keke.

Akwai abu biyu da zanen da aka kwafo daga waje ba zai taɓa tunawa da su ba. Na farko tufafinmu. Dogon hijabi da hannun babbar riga kusa da harshen wuta haɗari ne na gaske. Maganinsa ɗan ɗaki ne a bakin ɗakin gwaji, na mata daban, da akwatunan ajiya, inda ɗaliba za ta cire babban hijabinta cikin sutura ta sa ƙarami na auduga ta cusa shi cikin farar rigar aiki. In ba a yi wannan ɗaki ba, ko dai ta shiga da haɗari ko ta ja baya ta bar wa maza tebur, kuma duka biyun asara ce gare mu. Na biyu wurin alwala da famfon sha a waje, kusa, domin zaman rana yana cin lokacin azahar ko la'asar, kuma in babu famfo a kusa, na ɗakin gwaji za a nufa.

Ina kuma roƙon a yi wa ginin ƙofar baya mai faɗi da mota za ta iya tsayawa a bakinta, da ɗaki mai daɓen siminti da babban wurin wanki, da rumfar shanya. Yankin nan kansa makaranta ne. Ɗalibin bayoloji zai dawo daga Tiga da bokitin ruwa da kifi, daga dajin Falgore da ganye da ƙwari. Mai karatun duwatsu zai kwaso samfuri daga Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Mai nazarin amfanin gona zai kawo tumatirin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye, wadda ta durƙusar da noman tumatir a 2016. Duk waɗannan da laka suke zuwa, kuma sai an wanke, an shanya, an yi musu lamba kafin su shiga ɗaki mai tsabta.

Kuɗi ba zai isa komai lokaci guda ba. Ko TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa kuma take samun kuɗinta daga harajin da kamfanoni ke biya, kashi-kashi take sakin nata. Don haka a zana ginin duka, a gina shi ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare ya zama cikakke mai aiki da ruwansa da wutarsa, a bar bakin bututu da fili inda na gaba zai haɗu. Ɗaki biyu da suka kammala sun fi kangon bene mai hawa uku. Kada a sayi na'ura sai ɗakinta ya gama, an kuma horar da wanda zai riƙe ta, an san inda za a samo kayan gyaranta; garantinta yana ƙarewa ko tana cikin akwati. Kuma tun ranar da aka amince da zane, ma'aji ya rubuta abin da ginin zai ci a shekara, na gas da sinadarai da batir da gyaran famfo, ya nuna daga inda za a samo shi.

Ranar karɓar gini kada kwamiti ya tsaya a baranda. A shiga da ma'aikacin ɗakin gwaji a gaba. A buɗe dukkan famfuna lokaci guda a ga ko na ƙarshen layi yana zuba. A kunna dukkan murahu, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun gas a duba kumfa. A ja igiyar shawa a duba agogo. A riƙe 'yar takarda mai laushi a bakin akwatin hayaƙi a ga ko tana karkata ciki. A kashe wutar gari a ga ko firiji ya ci gaba da aiki. A karɓi zanen da ke nuna inda kowace waya da bututu suka bi a zahiri, a ajiye kwafi a ofishin ayyuka da wani a sashen. Kason da akan riƙe daga kuɗin ɗan kwangila, yawanci 5 cikin 100, a rubuta a yarjejeniya tun farko cewa ba za a sake shi ba sai ginin ya ga damina ɗaya cikakkiya da hunturu ɗaya, an kuma gyara duk abin da suka tona.